Yatsu Huɗu a Kafaɗar Mama

Shekara arba'in da ɗoriya ina gyara fuskokin mutane, kuma babu wanda ya taɓa cewa wayyo. Ni mai hoto ne, irin na da, mai fim da ɗakin wankin hoto. Ka zo mini da ƙuraje, ka koma gida da fatar jariri. Amarya mai tabon ƙuna a wuya, tsoho mai son ya koma saurayi a katin aiki, duk sun hau kujerata sun sauka da murmushi. Da fensir mai tsini nake yi, da burushi mai gashi uku, shi ya sa duk layinmu Mai Fensir ake kirana. Yanzu kowa da wayarsa. Yarinya ta shafa yatsa sau ɗaya, ta fito ba hanci ba kumatu, kamar an bi ta da dutsen guga, ta kuma ce ta yi kyau. Ni dai ina nan, ni da jar fitilata.

Shagon yana ƙasa, gidan yana sama, matakala goma sha huɗu a tsakani. Baba ne ya buɗe shi. Bayan kujerar ɗaukar hoto akwai wani labule da mai zane ya yi masa tun ba a haife ni ba: tafki shuɗi, kwale-kwale babu kowa a ciki, da wata farar matakala da ta hau, ta hau, ba ta isa ko'ina ba. Rabin mutanen unguwarmu sun taɓa tsayawa a bakin tafkin nan da takalmansu a bushe. Da rana tsaka, in babu aiki, nakan zauna in zuba masa ido har in ga kamar ruwan yana motsi.

A cocinmu kuwa ni dattijo ne. Ni ke riƙe tiren gurasa ranar Jibin Ubangiji, ni ke ɗaukar hoton masu baftisma kyauta, kuma in aka zo addu'ar furta zunubi babu wanda ya kai ni zurfin sunkuyar da kai. Mutane suna cewa, wannan mutumin Allah ne. Ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin ji.

Mama tana tare da mu a sama, shekararta tamanin da huɗu. Gwiwa ta hana ta sauka, sai dai a kinkime ta. Ranar da muka kai ta wurin likitan ido, ya haska, ya sake haskawa, sannan ya ce jijiyar ce take mutuwa, babu aikin da za a yi. Wata biyu, ko uku in an yi sa'a, daga nan sai haske da duhu kawai. Muka dawo gida. Sai da aka zaunar da ita a kujerarta ta bakin taga, ta miƙa hannu kan akwatinta ta ɗauko ɗan hoton nan mai girman tafin hannu.

"Babba," ta ce, don haka take kirana, "ka yi mini wannan ƙato. Kamar tagar nan. In ƙare masa kallo kafin a kashe mini fitila."

Na karɓa, na dube shi.

Mu uku ne a hoton, a bakin tafki. Baba a zaune ya dafa gwiwa, Mama kusa da shi cikin riga mai zanen furanni, ni a tsaye a bayan Baba. A bayan Mama kuma wani farin ginshiƙi ne da tukunyar fure a kansa. Labulen Baba ba shi da ginshiƙi. Ni na zana shi, shekara talatin da ɗaya da suka wuce, a daidai inda ƙanena Auta yake tsaye.

Ga yadda aka yi. Baba yana da wani idon kyamara, gilashi mai nauyi da ya yi shekaru yana burin samu, yana nannaɗe shi da ƙyalle kamar jinjiri. Ana gobe zai ɗauki hoton 'yan makarantar da suka gama karatu, aiki mafi girma da ya taɓa samu, na ɗauko idon don in goge. Da hannu ɗaya na riƙe shi, don ɗayan yana riƙe da kofin shayi. Ya suɓuce. Bai ma yi ƙara sosai ba. Na ɗauka, na ga tsagi daga gefe zuwa gefe, na mayar da shi cikin ƙyallensa, na fita na tsaya a ƙofar shago ina gaisa da masu wucewa.

Da Baba ya gani, Auta ne a ɗakin yana shara. Shekararsa goma sha bakwai, ga shi dama da ƙiriniya, ba ya taɓa abu ya bar shi yadda yake. Ya ce ba shi ba ne. Baba ya juyo ya tambaye ni, na ce, "Ni dai na bar shi a ɗakin shi kaɗai." Ka duba maganar da kyau, babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki. Na daɗe ina riƙe da wannan kamar wata hujja. Baba ya mare shi, ya ɗaga hannu zai ƙara, Auta ya ture hannun, Baba ya yi baya ya faɗa kan kujera. Shi ke nan. Ya ce kada ya sake taka masa ƙofa. Bayan sati ɗaya ya miƙo mini hoton gidanmu ya ce in cire masa yaron nan. Na rufe Auta da fenti a kan takarda, na sake ɗaukar takardar da kyamara, Baba ya ƙona fim ɗin asali a cikin kwano. Ya duba aikina ya ce ashe hannuna ya faɗa. Yabo na farko da ya taɓa yi mini ke nan.

Baba ya rasu bai sani ba. Auta yana wani gari mai nisan awa shida a mota, yana yankan gilashi. Lokacin da ƙafarta ke da ƙarfi Mama takan je wurinsa sau ɗaya a shekara. Yau shekara tara gwiwa ta hana, sai dai murya a waya. Shi kuwa ƙofar da aka ce kada ya taka, bai taka ba.

Kada ka ɗauka ban tuba ba. Ni a ganina na fi kowa tuba. Ɗakin wanki ne wurin tubana: in rufe ƙofa, in kunna jar fitila, in ce Ubangiji ka sani, Ubangiji ka gafarta, in yi kuka har rigata ta jiƙe. Sai in wanke fuska in fito wasai. Wani lokaci har nakan yi marmarin kukan, kamar yadda ake marmarin shayi da yamma.

Washegarin roƙon Mama na shiga ɗakin wanki da babbar takarda. Wanda bai taɓa ganin hoto yana tasowa a cikin ruwan magani ba, ba zai gane ba. Takarda fara fat, kana jijjiga tire a hankali, komai ja, babu ƙarar titi, babu agogo. Sai inuwa ta fara zuwa daga can ƙasan ruwa. Girar Baba ce ta fara fitowa, kamar kullum, a haɗe. Sai kwale-kwale. Sai ni, saurayi mai siririn wuya, ina kallon kaina na yanzu kamar ban san shi ba. Sai furannin rigar Mama suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Na sunkuya ina jin warin magani, ina ji kamar in na sa ƙafa a tiren nan zan iske kaina a bakin tafki, Baba yana cewa a daina motsi.

Can a kafaɗar Mama ta hagu, tsakanin fure da fure, sai na ga yatsu.

Guda huɗu. Ƙaramin a lanƙwashe, wanda ƙofar mota ta datse wa Auta yana ɗan shekara shida. Na cire kai, na cire ƙirji, na cire ƙafafu, na cire damtse, na manta da hannun da ya dafa uwarsa. A ƙaramin hoto sun saje da zanen riga. Yanzu ga su nan kowanne ya kai tsawon yatsana, sun fito daga jikin ginshiƙi, sun kwanta a kafaɗarta hankali kwance. Na ja baya har na bugi bango.

Abin da ya fara zuwa mini a rai, kuma ina jin kunyar faɗa, ba Auta ba ne. Burushi ne. Minti goma ya ishe ni in mai da su ganye. Amma fenti ba ya kama jiƙaƙƙiyar takarda, dole na shanya ta a igiya, na fito ina goge hannu.

Na tarar da fastonmu a kan benci yana jira. Yaro ne a kaina, bai kai arba'in ba, yana da wani tabo da ya raba masa gira biyu. Hoton takardun tafiya ya zo karɓa. Na miƙa masa ambulan, ya zaro, ya duba, ya ɗago.

"Baba dattijo, wannan kyakkyawan wane ne? Ina nawa?"

"Kai ne mana, Fasto. Ɗan tabon na share maka, kyauta."

"Ai kuwa sai ka mayar mini da abina. In na je da wannan za su ce na sato takardun ƙanena." Ya yi dariya, ya shafa girar. "Kwalba ce, a lokacin da nake shan abin da ke cikinta. Ina so in riƙa ganinsa. Ubangijinmu ma da ya tashi daga matattu ai da tabonsa ya tashi, bai ce a share ba. Da su aka gane shi."

Ban san abin da ya kama bakina ba. Na zauna a kujerar ɗaukar hoto, wadda ban taɓa zama a kanta a gaban baƙo ba, na ce ina da wani aboki da ya yi wa ɗan'uwansa wani abu tun da daɗewa, kuma ya roƙi Allah gafara ya fi sau dubu, amma har yau abin yana nan kamar jiya.

"Abokin nan naka," in ji fasto, "shi ma mai hoto ne?"

Na kau da kai ina kallon labule.

"To ka gaya masa Allah ba kurma ba ne, ya ji tun karo na farko. Gafarar nan ba da hawayensa za a haɗa ta ba, an gama ta a kan gicciye tun bai iya kuka ba. Ba a ce ya gyara kansa sannan ya zo ba. Amma ɗan'uwan fa, ya ji?"

"Bai ji ba."

"Ka ga ke nan abokinka nadama yake yi, kuma nadama tana da daɗinta, mutum yana iya zama a cikinta har ya tsufa. Wanda yake kuka alhali yana ci gaba da tafiya inda ya nufa, bai juyo ba tukuna. Ni abin da nake gani, bai yarda an gafarta masa ba. Da ya yarda, me zai sa ya ji tsoron a gan shi yadda yake?"

Na ce zan gaya masa. Na ji haushin yaron ƙwarai, har na so in ce masa wa'azinsa na ranar Lahadi ya yi tsawo.

Yana fita Mama ta fara buga sandarta a ƙasan ɗakinta, alamar kira ke nan. Na hau na ce hoto bai bushe ba. Ta ce ita ba ta da lokacin jiran bushewa, in kawo shi haka. Na sauko na ɗauko, ina riƙe da shi ta kusurwa biyu, ina hawa ina lallashin kaina cewa mai irin idonta ina za ta ga yatsu a cikin furanni.

Na tsayar mata da shi a hasken taga. Ba ta kalli Baba ba, ba ta kalle ni ba, ko fuskarta ba ta nema ba. Yatsanta ya tafi kai tsaye, kamar wanda ya san hanyar gida, ya sauka a kan ɗan lanƙwasasshen yatsan nan.

"Ga shi," ta ce. "Ga shi nan kuwa." Ta yi ta shafawa. "Tun ranar da ka kawo ƙaramin na gani. Ban faɗa ba don kada babanku ya sa ka share. Na ce yaron nan yana da tausayi, ya bi umarnin ubansa amma ya bar wa uwarsa hannu. Shekara talatin da ɗaya, Babba, babu safiyar da ban gode wa Allah saboda kai a kan wannan ba. Allah ya yi maka albarka."

Ka san abin da ya fi zagi ciwo? Wannan. Ga albarka an miƙo mini har cikin tafin hannu, ba sai na ce komai ba, amin kawai zan ce, ta rufe ido tana ganina mutumin kirki. Na buɗe baki da niyyar amin ɗin. Ƙasa ta yi mini nisa, labulen taga yana kaɗawa a hankali, wani yana tallar lemo a titi kamar daga wata duniya. Sai na ji gwiwoyina a ƙasa.

"Mama, ba tausayi ba ne. Mantawa na yi. Da na gani da na share." Na ci gaba, "Kuma idon kyamarar nan, ni na fasa. Auta bai taɓa shi ba."

Hannunta ya tsaya a kan hoton. Na yi zaton kuka za ta yi, na ma shirya mu yi tare, don a nan na ƙware. Ba ta yi ba.

"Ina tsaye a wurin," ta ce a hankali. "Ya kalle ni, na sunkuyar da kai, don na ɗauka shi ne." Ta juyo da idanunta masu hazo inda take jin numfashina. "Ka sa na sunkuyar wa ɗana kai."

"Ki gafarta mini, Mama."

"Tashi. Kada ka jiƙa mini tabarma. Ba a nan maganar take ba, ka san inda take."

Motar safe na shiga, da hoton a naɗe cikin takarda. Rana ta yi sama, mota tana jijjiga, barci ya yi ta fizgata. In na lumshe ido sai in ga ina hawa farar matakalar labule, ina ƙirgawa, in kai goma sha huɗu a sake dawo da ni ɗaya. Can ƙasa kwale-kwalen ya kwance kansa yana tafiya, da wani zaune a ciki ya ba ni baya. In farka in ga gonaki, da mata masu shanya, da wata makaranta ana tashi. Na yi ƙoƙarin shirya abin da zan faɗa, na ga duk jimlar da na haɗa sai na ɗan gyara mata fuska: ƙuruciya ce, tsoron Baba ne, ka san halinsa. Na yi ta share gyaran har abin da ya rage bai fi kalma biyar ba.

Shagon Auta madubai ne ko'ina, manya da ƙanana, a jingine, a rataye. Ina shiga na ga wani tsoho mai kumburin ƙasan ido da rinannen gashi ya shigo ta ƙofa goma a lokaci ɗaya. Ban taɓa ganin kaina ta baya ba sai ranar. Ashe rinin bai kai ƙeya ba.

Yana sunkuye a kan tebur, ya ɗora ma'auni a kan gilashi, ya ja abin yanka, ƙiiii, sannan ya ɗan danna, gilashin ya rabu biyu sumul. Ya yi furfura, ya yi faɗin kafaɗa irin na Baba. Ƙaramin yatsan yana nan a lanƙwashe. Ya ɗago ya gan ni a madubi, bai juyo ba.

"Mama ce?" ya ce.

"Tana nan da rai. Idonta ne yake tafiya, saura wata biyu." Na ajiye naɗin a gefen tebur. "Ni na fasa idon kyamarar."

Ya ɗauki tsumma ya goge bakin gilashin.

"Na sani."

"Ka sani?"

"Ina bayan labule da tsintsiya. Na ga kofin shayin, na ga ka mayar da shi cikin ƙyalle."

"To me ya hana ka faɗa?"

A nan ya juyo. "Kai ne babba. Na ɗauka za ka faɗa. Da Baba ya mare ni, bakinka nake kallo. Kwana biyu na yi a tasha, mota ta cika in ce ba wannan ba, wata ta cika in ce ba wannan ba. Na ce yanzu zai zo da gudu ya ce in dawo, ya gaya wa Baba." Ya ninke tsumman gida huɗu. "Rana ta uku na shiga."

Duk kukan da na yi a ɗakin wanki, ban taɓa ganin yaron nan a tasha ba. Kaina kawai nake gani, bawan Allah mai nauyin zuciya. Yanzu da na gan shi zaune a kan jakarsa yana leƙen hanya, hawaye ma suka ƙi zuwa. Kunya ce tsagwaronta, da baƙin ciki irin wanda ba shi da daɗi ko kaɗan.

"Na zalunce ka," na ce. "Ba ni da hujja. Ka gafarta mini."

"Shekara talatin da ɗaya ka yi kafin ka kawo maganar, kana so in ba ka amsa kafin motarka ta tashi?" Ya girgiza kai. "Ban sani ba. Gaskiya ban sani ba. Mene ne wannan?"

Ya warware naɗin a kan tebur, ya danne kusurwoyin da guntayen gilashi. Ya dubi Baba, ya daɗe. Ya dubi ginshiƙin.

"Tukunyar fure ka mai da ni?"

"Ita ce ta fi sauƙin zanawa."

Sai idonsa ya sauka a kafaɗar Mama. Ya matso. Ya ɗora hannunsa a gefen na hoton, yatsa kusa da yatsa. Wata dariya ta ƙwace masa, mai kama da tari. "Gwanin gwanaye," ya ce, "ya manta hannu." Na gaya masa abin da Mama ta ce, da shekarun da ta yi tana shafa wurin. Dariyar ta tsaya. Ya juya mini baya, amma a shago irin nasa juya baya ba ya ɓoye fuska.

"Bar shi nan," ya ce. "Ba a ajiye hoto haka ba gilashi, ƙura za ta cinye shi. Ka je kada ka rasa mota."

Ni kaɗai na dawo. Mama ta ji takun mutum ɗaya a matakala.

Ranar Lahadi, da aka zo lokacin shaida, na miƙe. Akwai tsofaffi a cocin da har yau in an ambaci Auta sai su ce, yaron nan da ya yi ɓarna ya ɗaga wa ubansa hannu. Na faɗa musu yadda aka yi, ba fenti. Wata tsohuwa ta ce "Kai!" da ƙarfi har mai ganga ya waiwayo. Na ce a ba wani tiren tukuna. Da aka zo rabon gurasa na zauna a benci na baya, na buɗe tafin hannu kamar kowa, fasto da kansa ya sa mini. Shekara nawa ina raba abin nan, ranar na fara jin cewa ba ni ake yi, ba lada ba ne. Abin mamaki, ban ji an tsarkake ni wasai irin na ɗakin wanki ba. Na ji dai ƙafata tana taɓa ƙasa.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Mama ta ce yanzu duniya ta koma kamar ana leƙenta ta bakin kwalba, gefe duk ya rufe, saura tsakiya. Kullum da hantsi sai ta sa a juya mata kujera ta fuskanci titi. Ni kuma duk ƙarar birki sai na leƙa. Na gane yadda ake zama a tasha.

Rana ta goma sha ɗaya, wajen ƙarfe huɗu, haske ya ragu a ƙofar shago. Auta ne tsaye a waje, da ƙaton hoton nan cikin firam a hammata, tsinin takalminsa daidai bakin dokin ƙofa. Ya dubi ƙofar sama da ƙasa.

"Ba dominka na zo ba," ya ce.

"Na sani."

Ya ɗaga ƙafa ya tako.

Ban bi shi sama nan da nan ba. Da na hau, na same shi durƙushe a gaban taga, ta kama fuskarsa da hannu biyu tana juya ta a hankali cikin haske, tana bi da ɗan abin da ya rage mata, goshi, gira, hanci, kamar mai karanta wasiƙa layi-layi.

"Ka yi furfura," ta ce. "Wa ya ba ka izini?" Sannan muryarta ta karye. "Na sunkuyar maka da kai, Auta."

"Ya wuce, Mama."

Ita ce ta ce sai an sauke ta bakin tafki. Muka kinkime ta da kujerarta, shi a ƙasa ni a sama, matakala goma sha huɗu, tana yi mana faɗa cewa ita ba buhu ba ce. Muka zaunar da ita a gaban labule. Auta ya tsaya a bayanta, inda ginshiƙi yake a da, ba wanda ya ce masa ya dafa ta, hannun ya je da kansa. Ta ɗora nata a kai.

Na buɗe akwati na ɗauko idon kyamarar da nake aiki da shi, na warware ƙyallensa. Gilashin yana ƙyalli yana neman zamewa, na kasa daidaita shi da bakin kyamarar.

"Yaya," in ji Auta. "Hannu biyu."

Rabon da in ji sunan nan daga bakinsa tun yana riƙe da tsintsiya. Na riƙe da hannu biyu, na murɗa har ya zauna. Na ce musu a daina motsi.